Asma da PCOS a jikin mace ɗaya: ina abinci ya shigo?

Tambaya: Likita, shekaruna 29. Tun ina yarinya nake da asma, ta lafa na wasu shekaru, sai ta dawo bayan na yi ƙiba. Bara aka yi min hoto da gwajin jini aka ce ina da PCOS, wato rikicewar homon, sinadaran jiki da ke tsara al'ada da fitar ƙwai, al'adata takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Wata ƙawata ta ce inhelar da nake shaƙa ce ta lalata min homon, wai in ajiye ta, in daina shan madara da cin duk abin da aka yi da alkama, ciwukan biyu za su tafi. Da gaske akwai alaƙa tsakaninsu? Kuma abinci zai iya magance su?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da abin da ba ya jira: kada ki ajiye inhelarki. Ƙawarki ta yi gaskiya da ta ce akwai abin da ya haɗa ciwukan nan biyu, amma ta ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. In kin bi shawararta, abin da zai fi yiwuwa shi ne asmar ta tashi, a ba ki maganin da zai ƙara dagula PCOS ɗin. Zan zo kan wannan a gaba.

Alaƙar tana nan, an kuma gan ta a ƙasashe daban-daban. A Ostireliya akwai wani dogon bincike da ke bin lafiyar dubban mata tun 1996. A 2017 aka fitar da sakamako daga cikinsa a kan mata sama da 8,000 masu shekaru kusan naki: cikin masu PCOS, kimanin 15 cikin 100 suna da asma, cikin waɗanda ba su da shi kuwa kimanin 11 cikin 100. Da aka cire tasirin ƙiba da shan taba daga lissafin, tazarar ta ragu amma ba ta ɓace ba. Kafin wannan, a 2005, masu bincike a arewacin Turai sun lura cewa matan da al'adarsu ba ta zuwa a kan kari sun fi yawan samun asma, sannan rajistar asibitocin Denmak ta nuna cewa masu PCOS sun fi sauran mata karɓar magungunan asma. Sai dai ki duba alƙaluman da kyau. Mata 85 cikin 100 masu PCOS ba su da asma. Kuma irin wannan bincike yana nuna cewa abubuwa biyu suna yawan haɗuwa ne a jiki ɗaya, ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. A fahimtata, kuma a nan ne hujja ta fi ƙarfi, tushe suka haɗa.

Don a ga tushen, sai an san abin da PCOS yake. Likitoci biyu na Shikago, Stein da Leventhal, su ne suka bayyana shi a 1935. Ƙa'idar da ake bi yau an tsara ta ne a birnin Rotadam a 2003: sai an samu biyu daga cikin alamu uku, wato ƙwai ba ya fita a kan lokaci, ko homon ɗin maza ya yi yawa a jini ko ya nuna a jiki ta gashi a haɓa da ƙuraje da zubewar gashin kai, ko kuma hoto ya nuna ƙananan ƙwai masu yawa a gidan ƙwai. Waɗannan da ake gani a hoto ba ƙari ba ne, ba kuma abin da za a yi wa tiyata ba ne. Ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya a hanya. Kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa tana da wannan lalura, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har 70 cikin 100 na masu ita ba su ma san suna da ita ba.

Akwai wani abin ɗaure kai a nan. Kafin balaga, asma ta fi kama yara maza. Bayan balaga sai lamarin ya juya, mata su fi yawa, kuma tasu ta fi tsanani. Gwaje-gwaje sun nuna cewa homon ɗin maza yana danne wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke hura kumburi a huhu. To in haka ne, mace mai PCOS, wadda wannan homon ya yi mata yawa, ai ya kamata a ce ta fi samun kariya. Amma akasin haka ake gani. Ke nan akwai wani abu da ya rinjayi wannan kariyar, kuma wanda aka fi zargi shi ne insulin.

Aikin insulin shi ne ya sa tsoka da hanta su karɓi sukarin da ya shiga jini bayan an ci abinci. A jikin yawancin masu PCOS, har da marasa ƙiba, tsokar ba ta saurin amsawa, sai jiki ya ƙara yawan insulin ɗin. Kamar mai magana da kurma ne: yana ɗaga murya, kurman bai ji sosai ba, amma maƙwabta masu lafiyar kunne duk sun ji. Gidan ƙwai yana cikin maƙwabtan nan. Da insulin ya yi yawa sai ya tunzura shi ya riƙa sarrafa homon ɗin maza fiye da ƙima. Ita kuma hanta sai ta rage wani furotin da take yi mai ɗaure wannan homon a jini, ya zama sakakke. Daga nan ƙwai ya kasa nuna, al'ada ta yi jinkiri, gashi ya tsiro inda ba a so. Insulin mai yawa kuma yana sa jiki tara kitse, musamman a ciki, kitsen cikin ya ƙara toshe kunnen tsoka, abu ya yi ta zagayawa.

Wani lokaci ana ganin shaidarsa da ido. Ki duba bayan wuyanki da hammata da matsematsi. In fatar wurin ta yi duhu, ta yi kauri da laushi, ba dauɗa ba ce. Mata da yawa kan dirje wurin da soso har ya yi ja, ko su shafa man bilicin, alhali alama ce ta insulin da ya yi yawa, kuma takan dushe idan ya sauka.

Ta ina wannan ya isa huhu? Ta hanyoyi da dama, ba kuma duka ne hujjarsu ta yi ƙarfi ɗaya ba. Wadda ba a jayayya a kanta ita ce ta nauyi. Kitsen ciki yana tokare tantanin da ke ƙarƙashin huhu, huhun ya kasa buɗewa sosai, ƙananan hanyoyin iska su tsuke. Wani nazari na 2007 da ya tattara bincike da yawa ya nuna cewa mai ƙiba sosai haɗarin kamuwarsa da asma ya kusa ninka na mai matsakaicin jiki. Sannan kitsen ciki ba ajiya ba ce kawai a zaune, yana fitar da sinadaran kumburi cikin jini, kuma asmar da ke tafe da irin wannan kumburin takan fi taurin kai, ba ta jin magani kamar asmar da ƙura ko furen tsirrai ke tayarwa. A gwajin dabbobi an ga insulin da kansa yana sa tsokar hanyoyin iska saurin matsewa. An kuma lura cewa masu ciwon suga da asma tare, waɗanda ke shan maganin suga mai suna metformin, asmarsu ba ta yawan tashi. Wannan lura ce kawai, ba a kai ga ba da metformin a matsayin maganin asma ba. Sai abubuwa biyu da ake yawan mantawa da su: ƙwannafi da ɗaukewar numfashi cikin barci. Ƙiba tana kawo duka biyun, na biyun ya fi yawa a masu PCOS, kuma kowannensu yana hana asma lafawa. In an taɓa ce miki kina minshari mai ƙarfi, ko kina tashi da safe a gajiye da ciwon kai, ki faɗa wa likitanki.

Tarihinki ya yi daidai da wannan: asma ta lafa, ƙiba ta zo, asma ta dawo, al'ada ta rikice.

Yanzu batun inhela. Iri biyu ne, kuma dole ki san wacce ce a hannunki. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, irin su salbutamol, wadda babu sitiroyid a cikinta ko kaɗan. Akwai kuma ta rigakafi, irin su budesonide da beclometasone, mai ɗauke da sitiroyid, wato maganin da ke kwantar da kumburi. Wannan kalmar ce ke tsorata mutane. Amma abin da ke cikin inhela da maikirogiram ake auna shi, wato ɗaya cikin dubu na miligiram, kai tsaye yake sauka a hanyoyin iska, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. A ƙa'idar da aka saba bayarwa ba ya kawo PCOS, ba ya hana haihuwa. Ki gwada shi da abin da ke faruwa idan asma ta tashi da ƙarfi: a ba ki prednisolone, sitiroyid na haɗiya, miligiram 40 ko 50 kullum na kwana biyar zuwa bakwai, ko a yi miki allura. Wannan duk jiki yake zagayawa. Yana ɗaga sukarin jini, ya buɗe ciki, ya tara kitse a tumbi da fuska, ya ƙara taurin kunnen nan da muka yi magana a kai. Idan an buƙace shi dole a sha, yana ceton rai. Amma macen da ke shan sa sau uku ko huɗu a shekara saboda ta ƙi inhelar rigakafi, ita ce ke yi wa homon ɗinta illar da take gudu. Wanda ya fi wannan muni shi ne mai sayen prednisolone ko dexamethasone da kanta duk lokacin da ƙirji ya kama, wata da watanni, ba tare da likita ya sani ba.

Tun 2019 hukumar GINA, mai fitar da ƙa'idojin maganin asma na duniya, ta daina amincewa a bar babban mutum a kan salbutamol kaɗai. In kina ƙarar da gwangwani uku ko fiye na salbutamol a shekara, ko kina tashi cikin dare saboda tari da kukan ƙirji, asmarki ba ta kwanta ba. Ki je da inhelar asibiti ki shaƙa a gaban ma'aikacin lafiya ya gani. Mutane da yawa kan danna sannan su ja numfashi a makare, maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro. A girgiza, a fitar da numfashi, a fara ja a hankali a danna lokaci guda, a riƙe kamar daƙiƙa goma, a kuskure baki bayan ta rigakafi.

To, abinci. Amsata a gajarce: yana taimakawa sosai, ba ya warkarwa, kuma ta ƙofa ɗaya yake taimakon ciwukan biyu. Abin da ya fi ƙarfin hujja shi ne rage nauyi ga mai ƙiba, kuma adadin da ake nema ba shi da yawa, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki. Mai kilo 90, kilo huɗu da rabi zuwa tara ke nan. A PCOS, wannan kaɗai yakan dawo wa mata da yawa da al'ada da fitar ƙwai. A asma ma, wani gwaji da aka yi a Niyukasil ta Ostireliya a 2013 ya nuna cewa rage wannan adadin ya sa fiye da rabin waɗanda aka gwada sun samu sauƙin asma a fili. Ba sai kin koma jikinki na 'yanmatanci ba.

Wane tsarin abinci? Ƙa'idar duniya ta kula da PCOS, wadda aka sabunta a 2023 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Monash, ta duba gwaje-gwajen da aka yi ta ce babu wani tsari da ya fi sauran. Mai rage sitaci, mai ƙara furotin, mai rage mai, duk sakamakonsu kusan ɗaya ne muddin an rage yawan abin da ake ci kuma an ɗore. Na san wannan amsar ba ta da daɗin ji, domin mutum ya fi son a miƙa masa takarda a ce ga halal ga haram. Amma ni ina ganin sauƙi ne a gare ki, tunda za ki gyara abin da kike ci ne, ba sai kin koma cin abin da ba ki saba da shi ba.

Ta ɓangaren huhu akwai gwaje-gwaje biyu da nake son ki sani, duka daga masu binciken Niyukasil ɗin nan. A 2011 sun ba masu asma abinci mai maiƙo sosai sau ɗaya tak. Bayan awa huɗu ƙwayoyin kumburi sun ƙaru a majinar ƙirjinsu, kuma salbutamol bai buɗe musu ƙirji yadda ya yi wa waɗanda suka ci mara maiƙo ba. A 2012 suka raba masu asma gida biyu, wasu suna cin ganye da kayan lambu kashi biyar da 'ya'yan itace biyu kullum, wasu kuma aka taƙaita musu. Waɗanda aka taƙaita wa asmarsu ta fi saurin tashi, haɗarin ya ninka fiye da sau biyu. Gwaje-gwajen ba manya ba ne, amma hanyar da suka nuna ita ce dai wadda ake nuna wa mai PCOS da mai gudun ciwon suga.

A aikace, in za ki canza abu ɗaya kawai, ki fara da abin sha mai sukari. Kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗauke da sukarin da ya wuce giram 25, wato ƙaramin cokali shida, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so mutum ya tsaya a kai a yini guda. Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa, da gudu yake shiga jini, insulin ya bi shi. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse aka tace ma kusan haka yake, gara ki ci ɗan itacen da kansa. Bayan wannan sai faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata kifi ko ƙwai ko nama mara kitse ko wake, kwata hatsi ko wani abu mai sitaci, kuma wanda ba a cire masa dusa ba ya fi. Hukumar ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace da giram 25 na faiba a rana. Faiba, wato ɓangaren tsirrai da ciki ba ya narkarwa, tana rage saurin shigar sukari jini, sannan ƙwayoyin bakteriya masu amfani a hanji suna mayar da ita wasu sinadarai da aka ga suna kwantar da kumburin huhu a jikin ɓeraye. Dangin wake suna da arzikinta. Ki rage soye-soye, ki kuma bar awa biyu zuwa uku tsakanin abincin dare da kwanciya saboda ƙwannafi.

Madara kuwa, zargin da ake mata na ƙara majina an gwada ba a same ta da laifi ba. Tana barin kauri a baki na ɗan lokaci, shi ne mutane ke ɗauka majina ce. Sai dai in kina da borin jini da ita na gaske, irin wanda jiki ke yin rudu-rudu ko leɓe ya kumbura jim kaɗan bayan sha. Alkama ma haka, in ba ki da cutar hanjin da ke hana cin ta, babu hujjar cewa barin ta yana gyara PCOS ko asma. Waɗanda suka bari suka ji sauƙi, yawanci biskit da kek da farin burodi suka bari, nauyi ya sauka. Abin da ke tayar da asma da gaske ga wasu tsiraru shi ne sinadarin salfait da ake sa wa busassun 'ya'yan itace da wasu kayan gwangwani da na kwalba don kada su lalace. In kin lura ƙirjinki na kamawa bayan cin irin waɗannan, ki riƙa karanta bayan kwali.

Kada ki zubar da kuɗinki a kan ƙwayoyin ƙarin lafiya. Bitamin D ya taɓa ba da fata: nazarin da ƙungiyar Cochrane mai tattara gwaje-gwajen magani ta yi a 2016 ya nuna kamar yana rage tashin asma, amma da aka sake shi a 2023 da ƙarin gwaje-gwaje sai amfanin ya ɓace. A sha shi in gwaji ya nuna ƙaranci. Inositol, wanda ake ta tallatawa ga masu PCOS, hujjarsa ba ta da ƙarfi, duk da cewa illarsa kaɗan ce. Shayin rage tumbi kuwa sau da yawa zawo kawai yake sawa.

Ki kuma yi hattara da horon yunwa. Masu PCOS sun fi sauran mata fama da damuwa da rikicewar cin abinci, a ƙi ci yini guda sannan a zauna a cinye na kwana biyu cikin dare. Jikin da insulin ya yi wa yawa yana da wuyar sauke nauyi, wannan ba lalaci ba ne. In kin yi wata shida kina ƙoƙari babu motsi, lokaci ya yi da za a yi maganar metformin ko wasu magungunan rage nauyi da likita.

Motsa jiki yana sa tsoka karɓar sukari ko da nauyi bai ragu ba, kuma a nan ne asmar da ba ta kwanta ba ke yi wa mai PCOS ɓarna ta biyu, domin wadda ke haki daga hawa bene ba za ta fita tafiya ba. Abin da ake nema minti 150 zuwa 300 ne a mako na tafiya da sauri ko makamancinta, da ɗaga ɗan nauyi sau biyu. Ki fara a hankali na minti goma jiki ya ɗumama, inhelarki tana hannu, ki guji hayaƙi da ƙura da iska mai sanyi ƙwarai. In motsi na tayar miki da ita kullum, maganin rigakafinki ne ke buƙatar gyara.

Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo, da daren da tari ya tashe ki, da sau nawa kika shaƙi salbutamol. Mata da yawa masu asma tasu tana tsananta ne kwanaki kaɗan kafin jini ya zo, kuma wata uku na rubutu ya isa ya nuna ko kina cikinsu. Ki lura kuma da maganin ciwon mara: aspirin da ibuprofen da diclofenac suna tayar da asma mai tsanani ga kimanin 7 cikin 100 na manya masu asma, musamman masu tsiron nama a hanci. In kin taɓa jin ƙirji ya kama bayan shan ɗayansu, ki tsaya ga paracetamol ki sanar da likita.

Wata ukun nan da kike yi ba al'ada shi ma ba abin sakaci ba ne. Idan ƙwai bai fita ba, bangon mahaifa yana ta kauri ba ya zubewa, kuma in aka bar shi shekaru haɗarin kansar mahaifa yana ƙaruwa. Duk lokacin da aka wuce kwana 90, bayan an tabbatar ba ciki ba ne, ana ba da maganin da zai sa ya zube, ko a ɗora ki a kan ƙwayar tsarin iyali in ba haihuwa kike nema yanzu ba. In kuwa kina nema, letrozole ne maganin farko da ake bayarwa don ƙwai ya fita, kuma yawancin masu PCOS suna haihuwa. Ki nemi a yi miki gwajin suga na shan giram 75 na gulukos kafin ki ɗauki ciki, a auna hawan jini da kitsen jini, ki kuma auna ƙugunki da kanki: abin so kada ya wuce rabin tsawonki. Idan cikin ya samu, inhelar rigakafi tana nan daram, ba a ajiye ta, domin ƙarancin iska ya fi cutar da jariri nesa ba kusa ba. Ranar da kuma kika ga kin kasa ƙarasa jimla saboda haki, ko kin shaƙi salbutamol ƙirji bai saki ba, ko leɓe ya canza launi, asibiti za ki nufa a take, ko da tsakar dare ne.